Kififiyar Gadufawa: Dabba Ɗaya, Sunaye Biyu

A yankin Tenere na Jamhuriyar Nijar, kudu maso gabas da Agadas, akwai wani fili mai suna Gadufawa. Yau yashi ne da duwatsu, amma kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce ƙasa ce mai koguna da fadamu. A nan aka tono ƙasusuwan ƙaton kadan nan Sarcosuchus da dinoso irin su Ouranosaurus da Nigersaurus. A cikin kogunan da waɗannan ƙattai suka sha ruwa, wata ƙaramar kififiya ta rayu, wadda sunanta ya raba kan masana har tsawon shekaru.

Masu nazarin halittu sun kasa dangin kunkuru gida biyu bisa yadda suke ɓoye kai. Kashi ɗaya yana janye wuya kai tsaye cikin ƙoƙo, kamar kunkurun tudu. Ɗaya kashin, wanda ake kira Pleurodira, yana lanƙwasa wuya ne a gefe, ya kwantar da kai ƙarƙashin bakin ƙoƙo. Kififiyoyin jinsin Pelusios da Pelomedusa da ke cikin tafkunan Afirka a yau 'yan wannan gida ne, haka ma ta Gadufawa.

Masanin Faransa Philippe Taquet ya fara aiki a Gadufawa a shekarun 1960. A 1980 France de Broin ta yi nazarin wasu gutsattsarin ƙoƙon kififiya daga wurin, ta lura da zanen ƙananan ramuka a jikinsu, ta raɗa wa dabbar suna Taquetochelys decorata don karrama Taquet. Sai dai gutsattsari ne kawai, babu kai, babu cikakken ƙoƙo.

A 2013 Paul Sereno na Jami'ar Chicago da Sara ElShafie suka bayyana wani ƙwarangwal kusan cikakke daga wannan shimfiɗar duwatsu ta Elrhaz, da ƙoƙon kai da wuya da gaɓoɓi. Ƙoƙon bayansa shafaffe ne kuma siriri, shi ya sa suka ɗauko sunan daga kalmar Girkanci mai nufin siririyar gurasa, suka kira shi Laganemys tenerensis. A ganinsu, gutsattsarin 1980 ba su da isassun alamomin da za su bambanta jinsi guda, saboda haka ba a iya jingina sabon ƙwarangwal ga tsohon suna.

Adán Pérez-García, masani daga Sifen, bai yarda ba. Ya sake duba kayan da de Broin ta yi aiki da su, kuma a nazarin da ya fito a 2019 ya nuna cewa siffofinsu sun dace da na ƙwarangwal ɗin Sereno. Idan dabba ɗaya ce, dokar raɗa wa dabbobi suna a fili take: sunan da ya riga fitowa shi ke tsayawa. Bisa wannan hujja Laganemys ya koma laƙabi, Taquetochelys ya riƙe matsayinsa.

Wannan muhawara ta wuce batun wanda zai ɗauki yabo. Masana suna auna yalwar halittun wani zamani ne da ƙidayar jinsunan da aka samu. Suna biyu a kan dabba ɗaya yana kumbura lissafi. Suna ɗaya a kan dabbobi biyu kuma yana ɓoye bambanci. Duk wanda ya gina bayani a kan ƙidayar da ta karkace, bayaninsa zai karkace.

Akwai kuma abin da dukan ɓangarorin suka amince da shi: kififiyar Gadufawa 'yar dangin Araripemydidae ce. 'Yar'uwarta mafi shahara ita ce Araripemys barretoi, wadda Llewellyn Price ya bayyana a 1973 daga yankin Araripe na arewa maso gabashin Brazil. Duk biyun suna da shafaffen ƙoƙo mai zane da dogon wuya, kuma zamaninsu ya yi kusa. Samun dangi ɗaya a gaɓoɓi biyu na Atlantika ya yi daidai da abin da ilimin duwatsu ya tabbatar: a lokacin Afirka da Kudancin Amurka ba su gama rabuwa ba, tekun da ke tsakaninsu yana farkon buɗewa.

Gutsattsarin da aka raina a 2013 su ne suka riƙe sunan, cikakken ƙwarangwal kuma shi ya bayyana kamannin dabbar. Da ba a adana na farkon a gidan tarihi ba, da babu abin da Pérez-García zai koma ya duba bayan kusan shekaru 40.