Titin M25

Titin M25 babbar hanyar mota ce da ta kewaye kusan dukkan birnin Landan, babban birnin Birtaniya. Tsawonsa mil 117 ne, wato kimanin kilomita 188, kuma yana cikin titunan zobe mafi tsawo a Turai, ko da yake na birnin Berlin ya ɗan fi shi. An buɗe sashensa na farko a shekarar 1975, sannan Firaminista Margaret Thatcher ta buɗe sashe na ƙarshe a ranar 29 ga Oktoba, 1986.

Ba a zana hanyar da titin ya bi a zama ɗaya ba. An ɗinke ta ne daga tsare-tsare biyu daban, bayan shekaru ana jayayya kan gidajen da za a rushe, da dazuzzukan da za a ratsa, da garuruwan da za a ba mashiga. Yawancin abubuwan da direbobi ke kuka da su a yau sun samo asali ne daga shawarwarin da aka yanke a wancan lokaci.

Inda titin ya bi

Titin ya ratsa yankunan Kent, Surrey, Berkshire, Buckinghamshire, Hertfordshire da Essex, ya kuma taɓa gefen Landan kanta a wasu wurare. An jera lambobin mahaɗunsa daga 1 zuwa 31, ana farawa daga Dartford a gabas a bi ta kudu. Manyan titunan da ke fita daga Landan zuwa sassan ƙasar, irin su M1, M3, M4, M11, M20, M23 da M40, duk suna haɗuwa da shi. Ta yamma ya wuce daf da filin jirgin sama na Heathrow.

Titin bai bi iyakar mulkin birnin daidai ba. Garin Watford yana cikin zoben amma ba ya cikin Landan, yayin da ƙauyen North Ockendon yake cikin Landan amma yana wajen zoben. Mafi yawan titin yana cikin faɗin ƙasar da ake kira "koriyar ɗamara", wato gonaki da dazuzzukan da doka ta taƙaita gini a cikinsu domin kada birnin ya yi ta bazuwa.

Asalin tunanin

Tun a farkon ƙarni na 20 aka fara maganar yi wa Landan titin zobe. Tsofaffin hanyoyin ƙasar duk sun nufi tsakiyar birnin ne, saboda haka motar kayan da ta taso daga arewacin Ingila za ta tashar jiragen ruwa ta Dover sai ta kutsa cikin unguwanni. A 1937 injiniya Charles Bressey da mai zanen gine-gine Edwin Lutyens suka yi nazarin hanyoyin birnin, suka ba da shawarar a yi titunan kewaye. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da maganar.

A 1944 masanin tsara birane Patrick Abercrombie ya fitar da tsarin sake gina Landan da kewayenta, wanda ya ƙunshi zobba biyar, ɗaya cikin ɗaya. Rashin kuɗi bayan yaƙi ya hana a gina su. Amma matsalar ba ta tsaya ba. Jama'a sun riƙa barin tsakiyar birnin suna komawa bayan gari da sababbin garuruwan da aka kafa, kuma masu motocin kansu sun ƙaru ƙwarai a shekarun 1950 da 1960.

Zobba huɗu da adawar jama'a

A shekarun 1960 Majalisar Babbar Landan, wadda ta fara aiki a 1965, ta rungumi wani tsari mai suna Ringways, mai zobba huɗu. Zobe na 1 zai kewaye tsakiyar birnin, na 2 zai ratsa unguwannin da ke biye, na 3 zai bi bakin gari, na 4 kuma zai yi nisa cikin karkara.

Zobba biyu na ciki su ne suka tada ƙura, domin gina su na nufin rushe dubban gidaje. A 1970 aka buɗe Westway, wani titin sama a yammacin Landan, wanda ya wuce kusa da tagogin gidajen mutane. Mazauna sauran unguwanni suka ga abin da ke jiransu. A wannan shekarar ƙungiyar Homes before Roads, wadda sunanta ke nufin gidaje su ne gaba da tituna, ta tsayar da 'yan takara a zaɓen majalisar. Ba ta ci kujera ba, amma maganar ta shiga siyasa. Da jam'iyyar Labour ta karɓi majalisar a 1973, sai ta soke zobban ciki.

Haɗa tsari biyu

Zobba biyu na waje sun tsira domin galibinsu fili za su bi, kuma an riga an fara aiki a wasu sassansu. A 1975 gwamnati ta sanar cewa zobe ɗaya kawai za a gina. Aka ɗauki ɓangaren arewa da gabas na Zobe na 3, wanda da farko aka yi niyyar kiransa M16, aka haɗa shi da ɓangaren kudu da yamma na Zobe na 4, aka sa wa duka suna M25.

Da yake zobban biyu ba nisansu ɗaya da birnin ba, sai da aka zana sababbin sassa biyu don su haɗu: ɗaya a kudu maso gabas tsakanin Swanley da Sevenoaks, ɗaya a arewa maso yamma tsakanin yankin Watford da South Mimms. Har yanzu ana ganin alamar wannan ɗinki. A mahaɗa ta 5, kusa da Sevenoaks, direban da ya miƙe zai tsinci kansa a kan M26 ko A21. Wanda ke son ci gaba da bin M25 dole ya ratse gefe. Wani sakamakon kuma shi ne, motocin da aka yi lissafin tituna da dama za su raba, duk sun taru a kan guda ɗaya.

Zaman sauraron ƙorafi

A tsarin Birtaniya, idan aka yi adawa da hanyar da babban titi zai bi, akan naɗa sufeto ya yi zaman sauraron jama'a. Injiniyoyin gwamnati su kare layin da suka zana, masu adawa su kawo hujja, wani lokaci har su gabatar da nasu layin. Sufeton ya rubuta rahoto, minista ya yanke hukunci.

Ba a gabatar da M25 a matsayin aiki ɗaya ba. Kowane sashe an kare shi shi kaɗai, har aka yi zama daban-daban guda 39. Babu zaman da ya hana gina titin, amma sun sauya kamanninsa. An nutsar da shi cikin ƙasa a wurare da dama, an yi tudun ƙasa da shingaye don rage ƙara, an kuma dasa bishiyoyi da ƙananan itatuwa sama da miliyan biyu. Haka nan, da yake sai an nuna amfanin kowane sashe ga mutanen yankinsa, kuma sai an daidaita da ƙananan hukumomi, an ƙare da mahaɗu fiye da yadda aka tsara da farko.

Wuraren da aka fi jayayya

Dajin Epping, a arewa maso gabas, yana ƙarƙashin kariyar wata doka ta 1878 da ta ce a bar shi a buɗe ga jama'a ba tare da gini ba. Titin sai ya bi ta ɗan tsukin da ke tsakanin dajin da garin Epping. Mafitar da aka samu ita ce a haƙa rami, a shimfiɗa titin a ciki, a rufe samansa. Wannan shi ne ramin Bell Common, mai tsawon kusan rabin kilomita, kuma an mayar da filin wasan kurket da ke wurin a kan rufinsa. An yi irin wannan rami a Holmesdale, inda titin ya ratsa tsakanin gidaje a Waltham Cross.

Sashen Swanley zuwa Sevenoaks ya fi kowane jawo gardama. Ya bi ta gefen kwarin kogin Darent da tsaunukan North Downs, yankin da hukuma ta keɓe saboda kyawunsa, inda mai zane Samuel Palmer ya zauna a ƙauyen Shoreham a ƙarni na 19. Mazauna yankin sun ce babu buƙatar sashen, tunda motoci za su iya zagayawa ta M20 da M26. Gwamnati ta ga cewa zoben ba zai cika ba sai da shi. An gina shi, yana cikin sassan ƙarshe da aka buɗe.

Titin ya tsallaka kogin Thames sau biyu. Ta yamma ya bi ta Runnymede, kusa da inda Sarki John ya amince da yarjejeniyar Magna Carta a 1215. Ta gabas an dogara da mashigar Dartford: rami na farko an buɗe shi a 1963, na biyu a 1980, sai gadar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1991. A hukumance wannan ɗan sashe ba M25 ba ne, sunansa A282, domin a bar ababen hawan da doka ta hana hawa manyan tituna su tsallaka kogin.

Abin da ya biyo baya

Ba a daɗe da kammala titin ba ya cika. A lokacin galibinsa layi uku ne a kowane hannu, kuma a farkon shekarun 1990 sassan yamma suna ɗaukar motoci kusan 200,000 a rana, fiye da ninki biyu na abin da aka tsara. Yawan mahaɗu ya sa mutane na hawa titin don gajeriyar tafiya, su sauka bayan mahaɗa ɗaya ko biyu, suna cuɗanya da manyan motocin da ke tafiya mai nisa. Ofisoshi da rumbunan kaya da manyan kantuna suka biyo titin, kamar cibiyar kasuwanci ta Lakeside da aka buɗe a 1990 da Bluewater a 1999, duka kusa da mashigar Dartford.

A 1994 kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan manyan hanyoyi ya fitar da rahoton da ya tabbatar cewa sabon titi kan haifar da tafiye-tafiyen da da ba za a yi ba. Ana yawan kawo M25 a matsayin misalin haka. A 1995 aka fara amfani da allunan lantarki masu sauya iyakar gudu gwargwadon cunkoso a kudu maso yammacin titin. An kuma faɗaɗa sassa da yawa, har kusa da Heathrow ya kai layi shida a kowane hannu.

Maganar zaɓen hanya ba ta ƙare ba. Saboda cunkoson Dartford, gwamnati ta yi shekaru tana auna wurare daban-daban don sabuwar mashigar kogi. A 2017 ta zaɓi rami a gabashin Gravesend da Tilbury, wanda zai haɗu da M25 a arewacin kogin. An ba aikin izini a watan Maris na 2025, duk da adawar ƙungiyoyin kare muhalli kan tsofaffin dazuzzuka da gonakin da zai shafa.