Gaweye da Gaɓar Yamai: Tarihin Kare Unguwanni daga Ambaliyar Kogin Isa

Kogin Isa, wanda ake kira Kwara a Nijeriya, yana tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali, Nijar, iyakar Benin da Nijeriya, tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku. A Yamai sau biyu yake cika a shekara. Akwai baƙin ruwa, wato ruwan damanar Gini, wanda ke daɗewa a fadamun tsakiyar Mali, ya iso Yamai a hankali tsakanin Disamba da Fabrairu. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rassa uku, Gorouol, Dargol da Sirba, ke kwararowa da shi daga ɓangaren Burkina Faso, ɗauke da jar laka. Duk dabarun kare unguwannin gaɓa sun samo asali ne daga yadda waɗannan ruwaye biyu suka sauya matsayi.

Zaman farko a bakin kogi

Gaweye na cikin tsofaffin unguwannin da Yamai ta tsiro daga gare su, tare da Maourey, Kalley da Zongo. Asalinta a gaɓar hagu take, kusa da inda ƙoramar Gounti Yena ke shiga kogi. Wannan gaɓa tudu ce, gaɓar dama kuwa shimfiɗaɗɗiyar fadama ce. Masunta, manoma da makiyaya sun san iyakar ruwa: gida a kan tudu, gona da kiwo a fadama. Baƙin ruwa ne babba a lokacin, kuma da yake a hankali yake hawa, mutum kan ga zuwansa makonni kafin ya kai ƙofa. Bayan an mayar da babban birnin mulkin mallaka daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, an fara auna tsayin kogin a 1929, kuma wannan lissafi shi ne ma'aunin da ake kwatanta kowace ambaliya da shi har yau.

Fari da tsallaka kogi

Abubuwa biyu suka haɗu a shekarun 1970. An buɗe gadar Kennedy a 1970, gaɓar dama ta zama kusa da gari, aka kafa jami'a a can. Mutanen tsohuwar Gaweye ma an tashe su aka ba su wuri a ƙetare, inda unguwar ke ɗauke da sunanta a gunduma ta biyar, a tsohon mazauninsu kuma aka gina otal ɗin Gaweye da babban zauren taro a farkon shekarun 1980. Duk wannan ya faru ne cikin shekarun babban fari. Kogi ya ja baya ƙwarai, har a Yunin 1985 ya daina gudu a Yamai. Wuraren da kakanni suka sani gidan ruwa ne suka bushe shekara da shekaru, waɗanda yunwa ta koro daga ƙauyuka suka sami fili mai araha, suka yi ginin laka. Haka Lamordé, Karadjé, Zarmagandey, Nogaré da Kirkissoye suka cika.

Jingar farko ta manoman shinkafa ce. Filayen noman rani irin na Saga da Kirkissoye an kewaye su da jingar ƙasa, hukumar ONAHA da aka kafa a 1978 tana kula da su tare da ƙungiyoyin manoma. A zamanin shugaba Seyni Kountché kuma ƙungiyar Samariya ta saba wa matasa da aikin gayya na unguwa, kamar yashe magudanai da cike ramuka. Waɗannan biyu su ne tushen aikin jama'a da aka dogara da shi daga baya.

Yadda jan ruwa ya zama babba

Farin ya bar tabo a ƙasa. Itatuwa sun mutu, an sare saura don itacen girki da faɗaɗa gonaki, ƙasa ta zama faƙo, ruwa ba ya shiga cikinta. Masana ruwa sun lura cewa ko da sama ba ta kai yadda take zuba a shekarun 1950 ba, ruwan da ke gangarowa cikin Sirba da Dargol ya ƙaru. Ƙoramu irin Kourtéré suna ta juye yashi cikin kogin, cikinsa na cikewa. Da damana ta fara dawowa da ƙarfi, sai jan ruwa ya riƙa zarce baƙin ruwa, ga shi kuma cikin kwanaki kaɗan yake hawa.

An ga alama a 1998 da 2010. A Agustan 2012 ma'aunin Yamai ya kai santimita 618, ruwa ya mamaye unguwannin gaɓar dama da Saga, dubban iyalai suka kwana a azuzuwan makarantu, daga baya aka ba wasunsu filaye a Séno. A 2019 ya haura 630. A Satumban 2020 ya kai 700, adadin da ba a taɓa rubutawa ba tun 1929, jingar Lamordé ta ɓalle.

Jinga, gargaɗi da gyaran ƙasa

Bayan 2012 gwamnati ta ƙulla shirin PGRC-DU da Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2013, aka gyara jinga a wurare da dama na birnin. A 2016 aka kafa ma'aikatar agaji da kula da bala'o'i. Hukumar ƙasashe tara masu amfani da kogin, ABN, wadda aka kafa a 1980 kuma cibiyarta ke Yamai, tana fitar da sanarwar tsayin ruwa: santimita 580 gargaɗi ne mai launin ruwan goro, 620 kuwa ja ne.

Sai dai tsaron jinga a daren da ruwa ke hawa yana hannun 'yan unguwa. Mai unguwa kan sa a yi shela ta lasifikar masallaci. Matasan fada, wato majalisun hira na unguwa, su fito da shebur da baro, wasu na riƙe bakin buhu, wasu na ɗura yashi, a jera hannu da hannu har gindin jinga. Wasu kuma su bi ta da tocila suna duba bayanta, domin ba ruwan da ke gaba kaɗai ake tsoro ba. In aka ga jan ruwa na tsatsowa daga ƙasan jingar, to ta fara cin kanta, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu kwalekwale su kwashe tsofaffi da yara, sojoji da 'yan kwana-kwana su kawo manyan motoci da jar ƙasa.

Gargaɗi kuma daga saman kogi yake farawa. Nijar na da tsarin gargaɗin gaggawa tun 1989, wanda aka kafa saboda yunwa, daga baya aka sauko da shi ƙauyuka ta kwamitocin SCAP-RU. A kan Sirba, shirin SLAPIS, haɗin gwiwar hukumomin yanayi da ruwa na Nijar da masanan Italiya, ya dogara da ma'aunai a Bossey Bangou da Garbey Kourou, da sanduna masu launi da mutanen ƙauye ke karantawa da idonsu su kira na ƙasa a waya. 

Bayan jinga da gargaɗi, mataki na uku shi ne riƙe ruwa tun inda ya faɗi. A tudun yankin Tillabéri mutane na haƙa ramukan rabin wata, suna jera duwatsu a gangare, suna barin sabon tsiro ya girma a gona kamar yadda manoman Maraɗi suka yi fice da shi tun shekarun 1980. Wannan aiki na da nauyi, domin madatsar Kandadji, wadda aka aza tubalinta a 2008 kimanin kilomita 180 sama da Yamai, tana sama da bakin Dargol da Sirba, saboda haka ba za ta tare ruwansu ba.

Damanar 2024, wadda ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a faɗin Nijar har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, ta tabbatar da cewa matsalar ba ta wuce ba. Tsaron Gaweye da maƙwabtanta ya rataya ne kan gyara jinga tun da rani, isar da gargaɗi cikin Zabarmanci, Hausa da Fulatanci, hana sabon gini a hanyar ruwa, da farfaɗo da ƙasar da Sirba da Dargol ke ratsawa.