Ƙazantar Ruwa Mai Ƙofa Ɗaya Da Mai Ƙofa Dubu

Yau za mu koma baya ne, mu ji yadda mutane suka gane ruwa yana ɗaukar cuta, da abin da ya yi musu sauƙin gyarawa, da wanda har yanzu ya ke ba su wuya.

A ƙarshen watan Agusta na 1854 annobar kwalara, watau ciwon amai da gudawa, ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan na ƙasar Ingila. Cikin kwana 10 mutum fiye da 500 suka mutu. A zamanin nan har manyan likitocin Turawa tsammani su ke yi iska mai ɗoyi ce ke kawo cutar. Amma wani likita, ana ce da shi John Snow, bai yarda ba. Sai ya bi gida gida yana tambaya, wa ya mutu a nan, ina kuma ya ke shan ruwa? Ya sami taswirar unguwar, ko wane mamaci ya sa masa alama daidai gidansu. Da ya duba, sai ga alamun sun taru kewaye da wata rijiya mai famfo a bakin titin Broad.

Abu biyu suka ƙara masa ƙarfi. Nan kusa akwai gidan gajiyayyu mai mutum fiye da 500, amma 5 kaɗai suka mutu, gama suna da rijiyarsu ta kansu. Can nesa kuma, a Hampstead, inda annobar ba ta kai ba, wata tsohuwa ta kamu ta mutu. Ashe ta saba da ruwan famfon nan, yana yi mata daɗi, kullum sai an kai mata shi cikin babbar kwalba. Ran 8 ga Satumba hukumar unguwa ta cire hannun famfon. A faɗi gaskiya, kafin nan annobar ta fara lafawa, don mutane da yawa sun riga sun gudu. Daga baya wani malamin coci na unguwar, Henry Whitehead, ya binciko tushen abin. Wani jariri ne ya kamu, uwar tana wanke tsummokinsa tana zuba ruwan a ramin masai. Ramin kuwa tsakaninsa da rijiyar bai kai ƙafa 3 ba, ga tubalinsa ya ruɓe yana yoyo.

Snow ya rasu bai ga ƙwayar cutar da idonsa ba. A 1884 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya same ta a birnin Kalkata na Indiya, cikin wani tabki irin kududdufanmu, inda mutane ke wanka, su yi wanki, su kuma ɗebi na sha.

To, ku lura. Ƙazantar titin Broad ƙofa ɗaya gare ta: rami guda, rijiya guda. A toshe ƙofar, shi ke nan. Irin wannan ne Turawa suka shekara fiye da ɗari suna fama da ita, suka kuwa ci nasara. Bayan 1858, shekarar da warin kogin Landan ya kusa korar 'yan majalisa daga zaurensu, aka gina manyan lambatu a ƙarƙashin ƙasa don su kwashe najasar gari. Daga 1866 annobar kwalara ba ta sake auka wa birnin ba. Amurka kuma a 1972 ta yi doka, ko wane bututu da ke zuba ruwan masana'anta ko na gari cikin kogi sai da izinin hukuma. Koguna suka yi dama, amma ba su tsarkaka ba. Ruwa dai ba ya tsami banza. Da aka duba, sai aka tarar da wata ƙazanta wadda ba ta da bututu balle a rufe shi. A 1987 sai da suka ƙara wa dokar wani sashe musamman dominta.

Ga yadda ta ke. Duk rani ƙasa tana tara abin da muka zubar: bayan gida da aka yi a bayan gari, kashin shanu da na awaki, juji, baƙin mai na masu gyaran mota, ruwan kwata, da takin zamani da maganin feshi da suka rage a gona. Ko wanne ɗan kaɗan ne, ba mai ganin nasa ya isa ya ɓata kogi. Ran da ruwan farko ya sauka, sai ya share su duka ya gangara da su rafi, da kududdufi, da rijiyar da ba ta da baki. In ciwo ya tashi, wa za a kai ƙara gaban alkali? Kowa da hannu, ba kuma wanda za a nuna.

Kada ku ce wannan ciwon matalauta ne kaɗai. A ƙasar Kanada akwai wani ɗan gari, Walkerton, mai mutum wajen 5,000, da famfo a ko wane gida. A watan Mayu na 2000 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya ɗauki ƙwayoyin cuta daga takin shanu da wani manomi ya watsa a gonarsa, ya tsiyaya cikin wata rijiyar gari marar zurfi. Masu kula da ruwan kuwa sun yi sakaci da zuba magani. Mutum wajen 2,300 suka kwanta, 7 suka mutu. Alkalin da ya bincika bai ɗora wa manomin laifi ba, gama ya watsa takinsa yadda aka saba, bisa ƙa'ida. Wurin da aka haƙa rijiyar ne bai dace ba, ba a kuma tsare kewayenta ba.

Mutanen birnin Niyok na Amurka su suka bi ta wata hanya. Ruwansu daga kan duwatsu ya ke zuwa, nisan mil 100 da ɗoriya. Maimakon su gina ƙaton injin tacewa, a 1997 suka yi yarjejeniya da ƙauyukan da ke can. Birni ya riƙa biyan kuɗi ana yi wa shanu shinge kada su shiga rafi, ana gyara masan gidaje, ana barin itatuwa da ciyawa a gaɓar ruwa don su tare abin da ke gangarowa. Har yau yawancin ruwan birnin ba a tace shi da inji, ana dai sa masa magani.

Mu dawo gida. Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta yi ɓarna ƙwarai a 1971, tun daga nan kuwa ba ta rabu da mu ba. A 2021 an lissafa mutum fiye da 100,000 da a ke zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, Bauchi da Kano da Jigawa suna cikin jihohin da suka fi shan wuya. Da damina abin ya fi tsanani, kun kuwa ji dalili. Wanda ya san Kano ya san Jakara. Tana ratsa birni tana karɓar ruwan kwata da na mayanka, Getsi ta kawo mata na masana'antun Bompai, sa'an nan su wuce lambuna inda a ke ban ruwan latas da alayyafo, har madatsar Wasai. Bututun masana'anta hukuma tana iya auna shi ta ci mai shi tara. Kwatocin gidaje dubu dubu fa? Nan ne wuyar ta ke.

Amma mun taɓa cin irin wannan yaƙi, ba a kuwa daɗe ba. Dattawa sun san kurkunu. Mai shi ya kan tsoma ƙafa cikin tabki don ya ji sanyi, tsutsar ta zubar da 'ya'yanta, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari na ruwa su haɗiye su, mutum ya sha, bayan shekara guda ta ɓullo masa, sau da yawa daidai lokacin noma. Da aka yi ƙidaya a 1988 zuwa 1989, an sami mutum wajen 650,000 da ita a Nijeriya. Ba allura, ba ƙwaya, ba famfon da za a cire wa hannu. Abin da aka yi, ko wane ƙauye aka sa mai lura, aka hana mai kurkunu shiga ruwa, wani ya ɗebo masa, mata kuma suka riƙa tace ruwa da ƙyalle kafin a zuba a randa. Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter sun taimaka ƙwarai, amma aikin na bakin tabki ne. Mutum na ƙarshe an gan shi a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da ita. A Chadi akwai saura.

Wani abu da ya kamata ku sani, ƙyalle yana tare ƙwarin kurkunu, tafasawa tana kashe ƙwayar kwalara da ta atuni, amma ba ɗayansu da ke fid da takin zamani ko maganin feshi daga ruwa. Taki in ya yi yawa a rijiya yana iya ɓata jinin jariri. Saboda haka kada a watsa shi dab da rijiya ko sa'ad da hadari ya haɗu, kada kuma a wanke tankin feshi a rafi.

Sauran aikin na bazara ne, tun ruwan farko bai sauka ba. A tayar wa rijiya baki ya kai ƙugu, a daɓe kewayenta da siminti yadda ruwa zai gangara waje, a sa mata murfi. Guga a rataye shi, kada a yar a ƙasa. Kwamin dabbobi a janye shi nesa. Masai kuwa a haƙa shi ta gangare, ƙafa 100 daga rijiya, watau kamar mita 30, in ƙasar rairayi ce a ƙara. Wanda zai haƙa sabo, ya kira duba-gari ya auna masa wurin kafin ya sa diga.