Kano ta san jigilar soja ta sama tun kafin zuwan Hercules

Akwai wata magana da ake ta yaɗawa kwanan nan, wai jigilar soja ta sama a ƙasar nan ta fara ne a 1975 da aka sayo jiragen Hercules C-130, kuma wai filin jirgin Kano bai san komai ba sai jigilar alhazai. Wannan magana ba ta da tushe. Duk mai noman rani a Kura, Bunkure ko nan Dawakin Kudu ya san ruwa ba a gona yake farawa ba. Da babu babbar magudanar da ta taso daga Tiga, da tumatirin Kadawa bai nuna ba. Haka ma a Yaƙin Hitila, Kano na kan magudanar da ta riƙa kai wa Ingilishi jiragen yaƙi har Masar, shekaru 35 kafin Hercules.

Tun farko ma jiragen da suka fara sauka a Kano na soja ne. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarki Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Alƙahira a ƙarƙashin Arthur Coningham. 'Yan'uwanmu na Borno kan ce ai a Maiduguri suka fara yada zango, kuma suna da gaskiya, don wanda ya fito daga gabas dole ya ratsa ta kansu. Amma Kano aka nufa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara bin wannan layi daga Hartum da wasiƙu.

Sai ga Yunin 1940. Italiya ta shiga yaƙi, Faransa ta faɗi, Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, zagayawa ta kudancin Afirka kuma tafiyar watanni ce. Dabarar da aka yi ita ce a kawo jiragen yaƙi a cikin akwatunan katako zuwa Takoradi a ƙasar Gwalkwas, a harhaɗa su a can, su tashi da fukafukansu: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, Janaina, Fashir, Hartum, sannan su bi kogin Nilu zuwa Alƙahira. Kusan kilomita 6,000 ke nan, tafiyar kamar kwana shida. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, jirgin Blenheim ɗaya a gaba, Hurricane shida na biye. Abin da ya sa ake jera su haka shi ne Hurricane mutum ɗaya yake ɗauka, ba shi da mai duba taswira, don haka idanun matuƙin na kan madugun ayari. In hazon hunturu ya rufe sama ya ɓace masa, to ya shiga uku, domin a ƙasa ba abin da zai gane sai daji da yashi. Ƙurar nan da muke kuka da ita a Janairu ta riƙa cinye injina tun kafin su isa fagen fama. Duk da haka, zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Matuƙan da suka kai jirage sai an komo da su Takoradi su ɗauki wasu, shi ya sa a Afrilun 1941 aka kafa runduna ta 117 ta sojan saman Ingila a Hartum domin zirga-zirga a kan layin. Kamfanin Pan American ya shigo a 1941, a 1942 kuma rundunar jigilar sojan saman Amurka ta karɓi aikin, hedikwatarta a Akara, Kano na cikin manyan zangunanta. Coningham ɗin nan da ya sauka Kano a 1925 shi ne kwamandan jiragen hamada a gumurzun El Alamein na 1942. Kada kuma a manta da Félix Éboué, baƙar fatan gwamnan Cadi da ya bi de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, a Agustan 1940. Da ya ƙi, da hanyar ta yanke a Fort Lamy.

Wani zai ce ai wannan tarihin Turawa ne, mene ne namu a ciki? Jiragen nasu ne, ba musu. Amma an zaɓi Kano ne saboda jirgin ƙasa ya iso ta tun 1911, ana iya kawo mai da kayan gyara daga bakin teku, ga jama'ar da za ta yi aikin fili, a ƙasar Sarki Abdullahi Bayero. Sannan 'yan Arewa da ke runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a kwarin Kaladan na Bama a 1944, daga sama ake jefa musu abinci da harsashi da laima, domin babu hanyar mota. Kakanninmu sun ci tuwon jigilar sama tun ba mu da jirgi ko ɗaya.

Sauran kowa ya sani. An kafa sojan saman Nijeriya a 1964 da taimakon Jamusawa. Hercules ya zo 1975, mazauninsa Ikeja, ya yi jigilar dakarun ECOMOG zuwa Laberiya daga 1990, daga baya Saliyo. Ranar 26 ga Satumba 1992 ɗaya ya faɗi a Ejigbo da mutane fiye da 150, akasarinsu hafsoshin da ke kwas a Jaji, Allah ya jiƙansu. A 2011 aka kafa rundunar jigila mai zaman kanta da hedikwata a Yenagoa.