Kunun Kanwa da Zuciyar Mai Jego

Kakata ungozoma ce a cikin birnin Zariya, kuma a duniya babu abin da take tsoro kamar sanyi. A wurinta macen da ta haihu ɗanyen jiki gare ta, in aka yi sake sanyi ya shige ta, to ta gamu da ciwon shekara da shekaru. Shi ya sa tun ciki na wata bakwai take aika wa maigida ya fara tara itacen wanka. Ranar da aka sauka kuwa sai a girka babbar tukunya. Safe da yamma, kwana arba'in cur, mai jego za ta tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya cikin tafasasshen ruwa tana fyaɗawa a jiki. In ta fito ga kunun kanwa a ƙwarya, ga yaji, ga kauri. A zamanin da Kaka ta taso har gadon ƙasa ake ginawa, a zuba garwashi ƙarƙashinsa, mai jego ta kwanta tana zuba gumi.

Kanwar nan daga nesa take zuwa. Fatake ne suka daɗe suna ɗauko ta a kan jakuna da raƙuma daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi, kuma Kaka ba ta yarda da kowace iri ba sai ungurnu. Takan ce ita ke kawo ruwan nono, ita ke wanke ciki.

Ina yarinya ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta haihu da damina. Wajen mako uku da suna ƙafafunta suka kumbura, fuska ta yi suntum, ko bayan gida za ta je sai ta dafa bango tana haki. Da dare ba ta iya kwanciya, a zaune take barci. Na ji Kaka na cewa, "Ke 'yar nan, ba ki wanku ba, sanyi ne." Aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa. Sai da wani kawunmu ya dage aka kai ta asibiti, aka ba ta maganin da ke sa fitsari, aka hana ta gishiri da kanwa, sannan ta sace kamar an zare mata iska.

Da na girma na gane cewa ciwon Inna yana da tarihi a littattafan likitoci, kuma sunan garinmu ne a jikinsa. Daga 1969 zuwa 1972 wasu likitoci biyu 'yan Birtaniya a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi diddigin mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza a kusa da haihuwa. Sun kiyasta cewa a Zariya abin na samun kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100, alhali a Turai sai an yi haihuwa dubbai kafin a ga guda. Sun kuma lura masu ciwon sun fi yawa da damina, lokacin zafi da gumi.

Bayanin da suka bayar mai shiga hankali ne. Kanwa danginsu ɗaya da gishiri, tana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙara yawa. Zafin wanka da na gado kuma yana buɗe hanyoyin jinin fata, dole zuciya ta ninka aiki, ga shi ba ta gama hutawa daga ɗawainiyar ciki ba. Da yawa cikin matan jininsu a sama yake ranar da aka kwantar da su. Hawan jini in ya daɗe yakan sa bangon zuciya ya yi kauri kamar damtsen maƙeri, kafin daga baya ya gaji. Ciwon mai jego kuwa, in ya yi tsanani, ɗakin hagu na zuciya ne ke buɗewa ya saki kamar tsohuwar salka, ya kasa tura abin da ke cikinsa. Sai ruwa ya koma huhu, ya taru a ƙafa, wani lokacin jini ya daskare a ciki. Da aka sake neman matan nan bayan shekara ashirin da wani abu, an tarar da yawansu sun zama masu hawan jini na dindindin.

Na daɗe ina jin haushin Kaka a kan wannan, Allah ya jiƙanta. Amma labarin bai tsaya inda Turawan suka ajiye shi ba. A 1992 Arnaud Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka gano cewa masu wannan ciwo suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini. A 2007 masu bincike a Jamus suka nuna cewa wani ɓantare na sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa yana iya lalata ƙananan hanyoyin jinin zuciya. Sannan Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitocin Najeriya daga 2017. Gadon wuta ya kusa ɓacewa, 'yan mata da yawa sun rage kanwa, amma a Arewa maso Yamma ciwon na nan kusan yadda yake. Abubuwan da suka fi fitowa fili su ne hawan jinin masu ciki, rama, da talauci. Wankan jego da kunun kanwa ba su fito a matsayin masu laifi ba.

Inna tana nan da ranta, tana shan ƙwayar hawan jini kowace safiya. Bara da jikarta ta haihu ita ta tsaya a kan wankan. Ta sa aka surka ruwan, ta auna kanwar da ɗan yatsa, kuma duk dare sai ta latsa ƙafar yarinyar ta ga ko wurin zai loɓa.