Yadda takardun notar suka zama madogarar masu neman asali a Faransa

A watan Mayun 1871, ana tsaka da tarzoma a Paris, gobara ta lashe ginin majalisar birnin da babban gidan shari'a. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta kafin 1860 ta ƙone ƙurmus. Abin da ya rage wa masu neman kakanninsu, har da takardun da ke jibge a ofisoshin notar, wato malaman da hukuma ta amince su rubuta ciniki da wasiyya da yarjejeniyar aure.

Sana'ar tsohuwa ce. Littafin notar mafi daɗewa da ya iso mana na Giovanni Scriba ne, a Jenowa ta Italiya, daga 1154. A Faransa, Sarki François na ɗaya ya kafa doka a 1539 cewa notar ya riƙa ajiye abin da ya rubuta, kuma ya bar Latinanci ya koma Faransanci. Wanda ya gaji ofis, ya gaji kundin, haka aka yi ta miƙawa hannu da hannu.

Sai ka buɗe takardar ƙidayar gado kafin ka san darajar waɗannan kundaye. Notar na bin gidan mamaci ɗaki-ɗaki yana rubuta tukwane da gadaje da barguna, da bashin da ake bin mamacin da wanda yake bi, da sunan matarsa da na marayunsa. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar rabon gado ta alƙali zai gane ta. A ganina, babu inda talakan da bai iya rubutu ba ya bar sawu kamar nan.

Dokar 1928 ta buɗe hanyar kai kundayen zuwa gidajen adana tarihi, aka tattara na ofisoshin Paris 122 wuri guda daga 1932. Dokar 1979 ta mayar da su dukiyar jama'a, ta 2008 kuma ta rage wa'adin jira kafin a iya duba su daga shekara 100 zuwa 75.

Sai dai ba da sunan dangi aka jera su ba, da sunan notar ne. In ba ka san wanda kakanka ya je wurinsa ba, fara da littattafan harajin takardu da aka soma a 1693, sau da yawa su ne za su nuna maka ofishin da za ka dosa.