Abin da na tarar a cikin injin Mobylette ɗin Baba

A zauren gidanmu da ke Toumboutou, cikin ƙaramar hukumar Malanville, akwai wata tsohuwar Mobylette shuɗiya da ta kwashe kusan shekara 30 a jingine. Tun ina yaro abin da nake ji shi ne ruwa ya kashe ta, wai shekarar da kogin Kwara ya yi ambaliya ya shigo mana gida. Bayan rasuwar Baba, yayana ya ce a miƙa ta ga masu sayen tsofaffin ƙarafa. Na ce masa, "Yaya, don Allah ka ba ni mako biyu in buɗe ta." Ya yi dariya ya ce mai surutu a rediyo ina shi ina sifana, amma ya yarda.

Kafin in kai ku cikin injin, bari in faɗi yadda irin wannan babur ya zo ƙasarmu. Kamfanin Motobécane na Faransa ne ya fito da Mobylette a 1949, ɗan inji mai cc 49.9 da feda irin ta keke. Hanyar da ta kawo shi arewa ita ce hanyar sauran kayan Turai: jirgin ruwa ya sauke a Kwatano, jirgin ƙasa ya kai Parakou inda layin dogo ya tsaya tun 1936, manyan motoci su ƙarasa. Da aka gina gadar da ta haɗa Malanville da Gaya a 1958, garin ya zama ƙofar Nijar zuwa teku, kasuwarsa ta bunƙasa. Malamin makaranta, ma'aikacin kwastan da dillalin albasa duk burinsu su mallaki shuɗiyar nan. Baba, wanda albasa ce sana'arsa, ya sayi tasa ta hannu a zamanin Mathieu Kérékou, bayan an sauya wa ƙasar suna daga Dahomey zuwa Benin a 1975.

Ranar farko na cire bel, don in tabbatar ba ƙafar baya ko kaca ce ta riƙe ba. Ƙafa na juyawa lafiya. Na kama faifan maganaɗisun inji da hannu biyu, ko motsi. Injin ne da kansa ya kame. Wani tsohon bakanike da muke zumunci ya gargaɗe ni kada in sa ƙarfi, ya ce inji iri biyu yake kamewa: ko tsatsa ta ci shi a zaune, ko zafi ya narkar da shi a guje, kuma kowanne yana barin shaidarsa. Na cire fulogi, wanda mu a nan muke cewa buji, na ɗura kananzir da ɗan baƙin mai ta ramin, na bar shi kwana biyar.

Sai na kwance kafireta da salansa, na warware notuna huɗu da ke riƙe da kan inji. Na ɗora guntun katako a kan fistan ina bugawa a hankali da guduma, yau kaɗan gobe kaɗan. A rana ta uku ya yi ƙara ya sauka, silinda ta zare.

Abin da na gani bai yi kama da aikin ruwa ba. Babu laka a gindin injin, kuma tsatsar da ke jikin karanshaf kaɗan ce, har yana juyawa da zarar fistan ya saki. Fistan ɗin kuwa, ta ɓangaren da hayaƙi ke fita, ya cika da zane daga sama har ƙasa, alminiyon ya narke ya shafe zobbansa biyu ya manne su a raminsu. Wannan inji a guje ya mutu, kuma ƙishirwar baƙin mai ce ta kashe shi.

Dalili shi ne irin wannan inji, mai bugu biyu, ba shi da ma'ajin baƙin mai. A cikin fetur ake gauraya shi, kimanin kashi 4 cikin 100, shi ne ke shafe fistan da boris yayin da fetur ke wucewa. Idan aka rage, babur zai ci gaba da tafiya kamar ba komai, har ranar da fistan zai kumbura da zafi ya cije. A yankinmu kuma da ido ake auna gaurayen, a bakin hanya, wajen masu sayar da fetur ɗin Najeriya a kwalabe, wanda mutanen kudu suke kira kpayo.

Na ɗauki fistan ɗin na shiga ɗakin Inna. Na ce, "Inna, ashe ba ruwa ba ne?" Ta juya shi a hannunta ta daɗe, sannan ta ce, "Ɗan nan, ruwan daga baya ya zo. Shekarar da kuɗi ya karye ne." Tana nufin Janairun 1994, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi, har da baƙin mai da kayan gyara. Ta ce Baba ya riƙa rage man don ya biya wa Yaya kuɗin makaranta. Wata ranar kasuwa babur ya tsaya masa a hanya, ya jira dare ya raba sannan ya turo shi gida don kada a gan shi. Da ambaliya ta zo, sai aka ɗora mata laifin, shi kuma bai taɓa gyara zancen ba.

Ko da ya so gyarawa, zamani ya riga ya juya. Motobécane ya durƙushe, ya koma MBK, Yamaha ta karɓe shi a 1986. A kudu, 'yan zemidjan da suka faro daga Porto-Novo sun rungumi Yamaha Mate, daga baya baburan Sin da Bajaj na Indiya masu bugu huɗu, waɗanda ba sa buƙatar gauraye, suka mamaye hanya daga Kwatano har Gaya. A 2002 aka daina ƙera Mobylette a Faransa. Silindarta kuma alminiyon ce da aka lulluɓe cikinta da kurom, ba a iya rarake ta a sa babban fistan kamar ta ƙarfe. In ta zane, sai an samo wata.

Na nuna wa Yaya fistan ɗin, na maimaita masa abin da Inna ta ce. Bai ce uffan ba, amma tun ranar bai sake zancen masu sayen ƙarafa ba. Yanzu shi ne ke cigiyar silinda. An ce masa akwai wani dattijo a Gaya mai tarin tsofaffin kayan Mobylette, sai dai tun da aka rufe gadar bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, mutane suka koma tsallakawa da kwalekwale. Ya ce in Allah Ya yarda zai je da kansa.

Idan akwai irin wannan babur a zaurenku, ina roƙon ku buɗe shi kafin ku sayar, kuma ku tambayi iyayenku mata tun suna raye. Allah Ya jiƙan magabatanmu.